Malamin Yaran da Ba Su Ji

Kowace shekara, in sanyin hunturu ya ja baya, iska mai ƙura ta busar da maƙogwaro, zafi kuma ya fara kunno kai, sai hankalin iyaye ya tashi a ƙasashen bakin hamada, gama lokacin sanƙarau ke nan. Tun daga Senegal har zuwa Habasha cutar take da hanyarta. A annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutane fiye da 250,000, ta kashe wajen 25,000. Waɗanda suka mutu an ƙidaya su, an yi makokinsu. Waɗanda suka tashi kuwa aka ce sun warke, aka sallame su daga asibiti. Amma a cikinsu akwai yara da yawa waɗanda suka koma gida da kunnuwan da ba za su ƙara jin muryar uwarsu ba, su kam ba wanda ya ƙidaya su ƙauye ƙauye. Allurar rigakafin da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010 ta karya lagon irin da ya fi ɓarna, amma cutar tana da wasu iri, kamar wanda ya afka wa Nijar a 2015. Ban da sanƙarau kuma akwai ƙyanda, da ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda aka bari ba magani, da yaran da aka haifa haka nan.

Irin wannan yaro, in ya yi sa'a aka kai shi makarantar gari, yakan zauna can baya cikin yara saba'in ko tamanin. Yana kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan hannu, bai kuwa san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Malam ya kira shi bai waiwayo ba, sai a ce taurin kai ne. Ya faɗi jarrabawa sau biyu, sai a ce dolo ne. Daga nan a mayar da shi kiwon awaki, ko a ba shi ƙoƙon bara. Ba laifin malamin ba ne gaba ɗaya, gama ba a koya masa wannan aiki ba. To, wane irin malami ne zai iya?

In an yi wa dattawa wannan tambaya, amsarsu guda ce: a nemo mai haƙuri da tausayi. Haƙuri kam dole ne, ba mai musun wannan. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ko shi ma sai ya san yadda ake hura wuta. Tausayi kuwa abu ne da ya kamata a yi hattara da shi. Malamin da tausayi ya yi masa yawa yakan sassauta wa yaro, ya ba shi makin da bai ci ba, ya yi masa aikin da ya kamata shi ya yi, ya ce ai abin da zai iya ke nan. Bayan shekara shida yaron ya fita da fara'a da ladabi, amma bai iya karanta takardar magani ba. Wanda ya yi masa haka ya cuce shi, ko da yake da kyakkyawar zuciya ya yi.

Abin da kurman yaro ya rasa, in an bi diddigi, harshe ne. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Yaro mai ji, kafin ya cika shekara biyar, ya riga ya kwashi Hausa a tsakar gida ba tare da kowa ya zaunar da shi ba: ya ji faɗa, ya ji tatsuniya, ya ji ciniki a bakin ƙofa. Wanda aka haifa kurma, iyayensa kuwa masu ji ne, kamar yadda yake ga mafi yawansu, duk wannan ya wuce shi. Yakan kai shekara takwas bai san cewa yana da suna ba, bai san cewa ranaku suna da suna ba, ba shi da hanyar da zai tambayi inda kakarsa ta tafi ran da aka fita da gawarta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya daɗe ba harshe yakan sha wuyar kama kowane harshe daga baya. Saboda haka abu na fari da za a nema ga malaminsa shi ne ya iya harshen da yaron zai iya karɓa duka, watau maganar hannu, ya kuma iya ta sosai, yadda zai yi gardama da ita, ya yi ba'a, ya bayyana dalilin da ya sa wata yakan yi husufi.

Wani zai ce, me zai hana a koya masa karanta leɓe? Mai wannan ra'ayi ya tsaya gaban madubi ya faɗi "bari", da "mari", da "ɓari" ba tare da murya ba. Leɓe iri ɗaya suke motsi, alhali ɗaya hani ne, ɗaya duka ne, ɗaya kuwa hasara. Sa'an nan ya gwada "kara", da "gara", da "ƙara". Bambancinsu can cikin baki yake, inda ido ba ya kaiwa. Hausa ma ta fi wasu harsuna wahala a nan, domin hawa da saukar murya suna sauya ma'ana. Kukan jariri da kukar da ake miya da ganyenta, fari na launi da farin da ke hana damina, wuyan raƙumi da wuyar aiki, duk kunne ne ke raba su. Karanta leɓe yana da amfaninsa, musamman ga wanda ya taɓa ji, amma rabinsa cinta ne, ba a kuwa gina ilimin yaro a kan cinta.

Turawa sun yi wannan kuskure na tsawon zamani. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukansu masu ji ne, suka yanke shawara cewa koyarwa da baki ta fi koyarwa da hannu. Abin da ya biyo baya shi ne aka yi ta fitar da kurame daga aikin malanta, aka kuma riƙa horon yara in an kama su suna magana da hannu. Sai a 2010, a taronsu na birnin Bankuba ta Kanada, magadan wannan taro suka fito fili suka janye shawarar, suka nuna baƙin cikinsu a kan ɓarnar da ta yi. Shekara 130 ke nan.

Mutumin da ya fi kowa buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta shi kansa sanƙarau ne ya kurmantar da shi. Sunansa Andrew Foster, baƙar fata ne na Amurka, an haife shi a jihar Alabama a 1925, ya rasa jinsa yana da shekara 11. A zamanin nan makarantun kurame na kudancin Amurka a rabe suke, na farare daban na baƙaƙe daban, karatun na baƙaƙe kuwa ba ya nisa. Ya tafi Detroit ya yi aikin masana'anta, ya ƙarasa sakandare ta hanyar wasiƙa. A 1954 ya zama baƙar fata na fari da ya sami digiri a Gallaudet, babbar kwalejin kurame da ke Washinton. Ya so ya zo Afirka da aikin bishara, ƙungiyoyin mishan ba su karɓe shi ba, sai ya kafa tasa a 1956. A 1957, shekarar da Ghana ta sami mulkin kai, ya buɗe makaranta a Accra cikin ajin aro. Daga baya makarantar ta koma Mampong. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin watan Disamba na 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, har da Chadi da Kamaru.

Yawan makarantun abin mamaki ne, amma yadda ya samo musu malamai shi ya fi cancanta a duba. Bai jira a aiko masa da ƙwararru daga ƙetare ba. Yakan sa ido a kan kurame masu hazaƙa cikin ɗalibansa, ya horar da su, ya ba su aji, daga baya ya ba su makaranta, shi kuwa ya yi gaba. Waɗansu ya taimake su suka tafi Gallaudet. A Ibadan ya riƙa tara mutane daga ƙasashen da ake karatu da Faransanci, su yi kwas, su koma gida su buɗe makaranta. Yaron da ya shigo aji ya tarar da malami kurma irinsa, sanye da riga mai tsabta, yana rubutu a allo, yana karɓar albashi, ya riga ya koyi darasin da babu littafin da zai koya masa. Iyayen da suka rako shi ma sun koya. Gani ya kori ji.

Akwai dai inda za a yi wa aikinsa gyara, girmama shi kuwa bai hana a faɗa ba. Maganar hannun da ya zo da ita ta Amurka ce, ita ce kuma ta zama tushen wadda ake amfani da ita a makarantun kurame na ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da waɗanda ake rubutu da Faransanci. Amma kuramen ƙasar Hausa ba su zauna hannu rabbana suna jiran baƙo ba. Suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke neman aure. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci wannan harshe, ta fitar da littafi a kansa a 2000. Abin takaici shi ne ɗan makaranta yakan dawo gida yana kallon maganar manyan kuramen garinsu kamar ƙauyanci, su kuma ba su gane tasa ba. Malami mai hankali ba zai bari haka ta faru ba. Zai koya wa yaro ta makaranta, domin da ita zai yi jarrabawa ya kuma sadu da kuramen wasu ƙasashe, amma shi kansa zai je ya zauna a inda kuramen gari suke taruwa da yamma, ya koyi tasu, ya yarda su yi masa dariya in ya yi kuskure. Malamin da girman kai ya hana shi zama ɗalibin mai wankin takalmi bai dace da wannan aiki ba.

A cikin aji kuwa, aikin ya bambanta da na sauran malamai tun daga jera kujeru. Ba a jera kurame layi layi, wani yana kallon ƙeyar wani. Akan zaunar da su kamar rabin da'ira domin kowa ya ga hannun kowa, shi ya sa aji ba ya ɗaukar yara da yawa. Malam ba ya tsayawa taga tana bayansa, gama fuskarsa za ta yi duhu. Ba ya bayani yana rubutu a allo, sai ya gama rubutun ya juyo. Fuskarsa ma aiki take yi: ɗaga gira, da kumbura kumatu, da girgiza kai, duk cikin nahawun maganar hannu suke, su ne suke nuna tambaya, ko yawa, ko musu. Mutum mai ɗaure fuska da sunan kamun kai, in yana magana da hannu, kamar mai karatu ne da murya ɗaya ba hawa ba sauka. A nan ma akwai wurin da al'ada take karo da aikin. An hori ɗan Bahaushe ya sunkuyar da kai in babba yana yi masa magana. Kurman da ya sunkuyar da kai kuwa ya toshe kunnensa ke nan. Dole malam ya koya wa yaro ya dube shi ido da ido, sa'an nan ya bi iyaye har gida ya bayyana musu cewa wannan ba rashin kunya ba ne.

Ranar farko ta sabon yaro tana da nata aiki. Sauran yara sukan dube shi su raɗa masa suna da hannu, daga tsagar fuskarsa, ko wushiryarsa, ko yadda yake ɗaura hula. Malam kuma ya rubuta sunansa na yanka a allo, ya nuna rubutun, ya nuna shi. Wani yaron yakan yi kwanaki kafin ya gane cewa waɗannan 'yan zane shi suke nufi. Ran da ya gane, sai ya kama jan rigar malam yana nuna tebur, yana nuna ƙofa, yana nuna tulu, yana so a ba shi sunan kowane abu.

Wajibi ne kuma malam ya iya rarrabe yaran da ke gabansa, gama kalmar "kurma" ta haɗa mutane iri iri. Yarinyar da sanƙarau ya kama tana da shekara bakwai, Hausarta tana nan cikin kanta cif, tana kuma magana. In aka bar ta, maganar za ta yi ta lalacewa domin ba ta jin kanta, yara su yi mata dariya, ta yi shiru. Irin wannan ya kamata a ƙarfafa ta ta ci gaba da magana, a kuma gaggauta koya mata karatun Hausa, ko da harshen makaranta Faransanci ne ko Ingilishi, domin ta fi saurin kama rubutun harshen da ta riga ta sani, sa'an nan ta taka shi ta hau zuwa wani. Wanda aka haifa kurma kuwa hanyarsa daban ce: sai ya ƙoshi da maganar hannu tukuna, sa'an nan a ɗora masa rubutu. A tuna fa, ana neman ya rubuta harshen da bai taɓa jin ko kalma ɗaya tasa ba, wanda ko iyayensa ba su yi a gida. Akwai kuma mai ɗan sauran ji, wanda na'urar kunne za ta taimake shi. Na'urar ba ta mayar da kunne sabo, tana ƙara ƙarar kome ne, har da ruwan sama a kan kwano. Tana cin batir, ƙura da gumi suna kashe ta, saboda haka malam yakan duba ta kowace safiya. Yaron da kunnensa yake zubar da ruwa kuma asibiti za a kai shi, malam ba likita ba ne, amma shi ne yakan fara lura.

Akwai wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Mugaye sun san cewa yarinyar da ba ta iya ba da labari ba, ba ta iya kai ƙara. Sau da yawa malaminta ko malamarta ne kaɗai babban mutumin da zai fahimci abin da take faɗa. Don haka dole a bincika halin wanda za a ba wannan amana fiye da yadda ake bincika na sauran malamai, makarantar kwana kuwa kada ta rasa mace mai iya maganar hannu. Cikin darussan farko a koya wa yara alamun da za su ce "a'a", da "ya taɓa ni", da "ina jin ciwo a nan".

Iyaye su ma 'yan ajinsa ne. Yaro ya yi wata tara yana hira har dare da abokansa, hutu ya zo ya koma gidan da ba a ce masa kome sai "zo", da "ci", da "tafi". Shi ya sa waɗansu yaran sukan yi kuka ranar tafiya hutu, abin da yakan ƙona zuciyar uwa. Malamin da ya ware yamma ɗaya a mako ya koya wa uwaye da ƙanne alamu ashirin ko talatin ya yi aikin da ya fi darasin mako guda. Ƙanne ma sun fi saurin kamawa.

Takardar shaida fa? Tana da muhimmanci. Malamin kurame malami ne tukuna: dole ya san lissafin da zai koyar, ya iya shirya darasi, ya iya auna ko yaro ya ci gaba. Iya maganar hannu kaɗai ba ta mai da mutum malami, kamar yadda iya Hausa ba ta mai da kowane Bahaushe malamin Hausa ba. A Nijeriya akwai kwalejin horar da malamai ta tarayya a garin Oyo, wadda aka kafa a 1977 musamman domin wannan fanni, Jami'ar Jos ma tana da sashensa. Kowane reshe kuma da nasa ilimi. Mai koyar da makafi, kamar a makarantar Gindiri da 'yan mishan suka buɗe a 1953, shi rubutun Braille zai ƙware a kai, mai ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa, da koya wa yaro tafiya da sanda. Ba a ɗauko shi a ba shi ajin kurame a ce ai duk naƙasassu ne.

A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince cewa ya kamata makarantun gari su karɓi dukan yara, har da naƙasassu. Manufa ce mai kyau, ga gurgu ma sau da yawa gyaran ƙofa da matakala ya isa. Amma takardar taron da kanta ta lura cewa kurame, saboda sha'anin harshe, mai yiwuwa ne su fi amfana a makarantu ko azuzuwa nasu. Waɗanda suke ɗaukar rabin maganar su bar rabi, su jefa kurma ɗaya cikin yara tamanin ba mai fassara, sun mayar da shi kujerar bayan nan ce, sai dai yanzu an sa wa abin suna mai daɗi.

In ikilisiya ko ƙungiyar gari ta yi niyyar buɗe aji, jarabar da takan zo ita ce a ba da aikin ga wanda ake so a taimaka: malamin da ya kāsa riƙe aji na masu ji, ko ɗan'uwan wani dattijo da ya rasa abin yi. Akwai gwajin da ya fi wannan, ba ya kuwa cin ko sisi. A gayyato manyan kurame uku ko huɗu na garin, maza da mata, a zaunar da mai neman aikin a gabansu, a ce ya ba su labarin Gizo da Ƙoƙi da hannu, sa'an nan ya bayyana musu yadda ake raba jaka goma tsakanin mutum huɗu. Bayan ya fita a tambaye su abin da suka gane. In a cikin waɗanda aka gayyato ɗin akwai wanda ya yi makaranta, ya iya karatu da rubutu, kwamiti ya rubuta sunansa shi ma cikin masu neman aikin, da albashi daidai da na mai ji.